Riƙon Babban Yaro Daga Nesa: Abin da Tarihi Ya Nuna Mana



Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a fitowar nan, wata tambaya ce da wani dattijo maƙwabcinmu ya yi mini bayan sallar Isha'i kwanakin baya. Ya yarda in kawo ta nan, da sharaɗin kada in kama suna. Ƙanensa yana aiki a Ingila, shi da matarsa sun haura shekara goma da aure Allah bai ba su haihuwa ba. A nan gida kuma akwai marayu biyu, 'ya'yan wani ɗan'uwansu da 'yan bindiga suka kashe a gona, namiji ɗan shekara 11, mace 'yar shekara 9. Uwarsu tana da rai, ta yi wani auren a ƙauye. Sai na Ingilan ya ce a ba shi yaran ya riƙe. Aka shiga neman takardu, yau shekara uku ke nan ana abu ɗaya. Can sun gyara ɗaki, sun sayi gadaje, tufafin da suka saya wa yaran tun farko har sun yi musu kaɗan ba su taɓa sawa ba.

Dattijon ya ce mini, "Liman, wannan wace irin mugunta ce? Ga mai so, ga marayu, amma hukuma ta tsaya a tsakani kamar 'ya'yanta za a ɗauka."

Na ce masa, "Alhaji, jiran nan akwai ciwo, ban musa ba. Amma ƙofar ba haka kawai aka rufe ta ba, tana da tarihi." To tarihin nan ne zan ɗan warware, gwargwadon abin da na sani. Kuma abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, yaron da ya riga ya yi wayo ba ya zuwa hannunka shi kaɗai. Yana zuwa da sunan ubansa, da harshensa, da addininsa, da mutanen da ke tuna shi. Duk wanda ya manta da wannan, ko da niyyarsa mai kyau ce, ƙarshenta ɓarna yake yi.

Bari mu fara da wani yaro Bahaushe da aka kai Ingila tun kakannin kakanninmu suna raye. Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a ƙauyen Dambanas kusa da Kance, a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Ubansa manomi ne kuma makaɗi. Yana ɗan shekara goma sha wani abu mahara suka kama shi, aka bi da shi Damagaram, daga nan sai Kukawa ta Barno. A can wani Bature Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852 a gefen Tafkin Chadi, sai yaran suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Tare da shi suka ratsa Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tambutu a 1853. Bayan sun dawo Barno suka ƙetare Sahara zuwa Turabulus, a watan Satumba na 1855 sai ga su a Landan.

Shi Barth niyyarsa ya mai da yaran ƙasarsu, har ya shirya musu tafiya. Amma akwai wani malamin mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana neman wanda zai koya masa Hausa sosai. Sai ya riƙe su a gidansa, abin da ya jawo saɓani mai zafi tsakaninsa da Barth. Kun ga manya biyu suna jayayya a kan yara, kowa yana cewa shi ne mai son su da alheri. Abbega ya dawo a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna sai 1864. A gidan Schön an ciyar da shi, an tufatar da shi, an koya masa karatun boko, wannan ba wanda zai hana. Amma an yi masa baftisma, an sa masa suna James Henry. Daga bakinsa Schön ya kwashi Hausar da ya yi amfani da ita a littafinsa na nahawu na 1862, da ƙamus ɗinsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, wanda a ciki labarin rayuwar Dorugu yake.

Abin lura a nan, duk da nisan da ya yi da shekarun da ya ɗiba, a labarin nan nasa Dorugu ya tuna sunan ƙauyensu, ya tuna sana'ar ubansa, ya tuna yadda aka raba shi da gida. An canza masa suna a takarda, amma na cikin ƙirjinsa bai gogu ba. Ya dawo ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912. Mutum ne da ya ci riba, ya kuma yi asara, kuma ba a nemi shawararsa a lokacin da aka fara raba shi da gida ba.

Kada wani ya ce ai wannan labarin nesa ne. Mu dawo nan kusa da mu, cikin masarautarmu ta Kontagora. Kowa ya san ƙarshen ƙarni na 19 zamani ne na yaƙe-yaƙe da kamun bayi a wannan yanki, kuma yara su ne suka fi shiga hannu, domin sun fi sauƙin ɗauka, sun fi saurin mantuwa da hanyar gida. Turawa suka ci Kontagora a farkon 1901. A shekarar ne Lugga ya fitar da dokar da ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne. A 1902 ya mai da hedkwatarsa Zungeru. To da aka shiga tare fatake ana ƙwace yaran da aka ɗauko za a sayar, sai wata matsala ta taso: ina za a kai su? Da yawansu daga wajen Adamawa da kwarin Binuwai aka kwaso su, wasu ba su san ko ta wace hanya aka biyo da su ba.

Sai gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, ta buɗe wani a Barno. A gidan ana koya wa yara ɗinki da wanki da aikin kafinta da makamantansu. Mace-mace sun yi yawa, domin yaran da yunwa da ciwo suke isowa. Waɗanda suka rayu, aka riƙa rarraba su: wasu a ba ma'aikata su yi musu aikin gida, wasu a miƙa su ga 'yan mishan, 'yan matan da suka isa aure a aurar da su. A 1909 aka rufe gidan Zungeru, aka kwashe yaran da suka rage zuwa Rumasha a bakin Binuwai, hannun ƙungiyar mishan ta SUM, a wani gida da aka sa wa sunan Lucy, matar Karl Kumm wanda ya kafa ƙungiyar.

Gaskiya a faɗe ta, fitar da yaran nan daga igiyar bauta alheri ne. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Yaron da aka kama yana da suna da yare, ya wuce hannun mahari, ya wuce hannun falke, ya wuce hannun gwamnati, ya wuce hannun mai riƙo, kowane hannu ya rage masa wani abu na asalinsa. A wani ƙauye can kuwa akwai uwa da ta mutu tana sauraron sallamar ɗanta. Ita ba ta shiga littafin kowa ba.

Yanzu mu zo zamaninmu, ga abin da yawancinmu muka ji da kunnenmu a rediyo. Ranar 25 ga Oktoba 2007, wasu iyalai Faransawa suka taru a filin jirgin sama na Vatry, gabas da birnin Paris, suna jiran jirgi. Wata ƙungiya mai suna L'Arche de Zoé, ƙarƙashin wani Éric Breteau, ta yi musu alkawarin kawo marayun yaƙin Darfur, kuma sun biya kuɗi, sun yi watanni suna shiri. Da yawansu burinsu su riƙe yaran har su zama nasu. Jirgin bai zo ba. A ranar ne jami'an Chadi suka tare 'yan ƙungiyar a Abeche, garin nan da ke kan tsohuwar hanyar da alhazanmu na ƙasa suke bi zuwa Sudan. Yara 103 aka samu a hannunsu, maza 82, mata 21, daga ɗan shekara ɗaya zuwa ɗan shekara goma. Wasu an naɗa musu bandeji alhali ba su da rauni, don a ce marasa lafiya ne za a kai asibiti.

Da ma'aikatan UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Red Cross suka zauna da yaran, sai 91 daga cikinsu suka ce suna zaune ne da aƙalla babba ɗaya da suke ɗauka uwa ko uba. Yawancinsu ma ba 'yan Darfur ba ne, daga ƙauyukan Chadi na wajen Adre da Tine suke. Iyayen sun ce abin da aka gaya musu, makaranta za a sa 'ya'yansu a nan cikin ƙasa, ba wanda ya ambaci Faransa. Ku lura da abin da ya taimaka wajen gano gaskiya: yaran da suka yi wayo su suka buɗe baki suka faɗi sunan ƙauyensu da na iyayensu. Da duk jarirai ne, da abin ya fi haka wuya.

Shugaban Faransa Nicolas Sarkozy da kansa ya sauka Njamena ranar 4 ga Nuwamba, ya tafi da 'yan jarida uku da ma'aikatan jirgi huɗu 'yan Sifen da aka tsare tare da su. Ranar 26 ga Disamba kotun Chadi ta yanke wa Faransawa shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mai da su ƙasarsu, sannan Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a ƙarshen Maris na 2008. Su kuwa yaran, wata kusan biyar suka yi a gidan marayu na Abeche kafin a fara mai da su ga iyayensu. Iyalan Vatry sun yi kuka, kuma kukansu na gaskiya ne, su ma an yaudare su. Amma a daidai lokacin da suke jiran jirgi ya sauka, akwai iyaye a Adre da ba su ma san an nufi ɗaga 'ya'yansu sama ba.

A nan akwai wani abu da ya shafi harshe. Mu a wurinmu, yaron da ubansa ya rasu maraya ne, ko da uwarsa da kakanninsa da baffanninsa suna nan da ransu. Wanda yake Turai kuwa, in ya ji an ce maraya, abin da ke zuwa ransa shi ne yaron da ba shi da kowa a duniya. A tsakanin waɗannan fahimta biyu ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu.

Irin waɗannan abubuwa su suka sa ƙasashe suka riƙa ƙara wa ƙofar sakata. Kwango ta dakatar da bai wa yaran da baƙi suka ɗauka izinin fita a watan Satumba na 2013, ɗaruruwan iyalai a Amurka da Turai suka yi shekara biyu ko fiye suna jira. Habasha ta haramta bai wa 'yan ƙasar waje yara gaba ɗaya a Janairun 2018. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 wadda ta tsara yadda ake ɗaukar yaro daga wata ƙasa zuwa wata. Ita kuwa Ingila, a watan Maris na 2021 ta sa takunkumi a kan ɗauko yara daga Nijeriya, sai wanda ya nemi a duba lamarinsa na musamman. Dalilan da ta bayar sun haɗa da rashin ingancin takardu, da wahalar tabbatar da asalin yaro, da cin hanci, da safarar yara. To kun ji inda ƙanen Alhaji ya maƙale. Laifin wasu ne ya shafe shi, kuma wasu daga cikin masu laifin 'yan ƙasarmu ne.

Na san mai karatu zai ce, to Malam, me addini ya ce? Ai mu muna da labarin da ya riga duk waɗannan, labarin Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya yarda da shi. Shi ma yana yaro mai wayo mahara suka sace shi lokacin da uwarsa ta kai shi ganin danginta. Aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, Hakim ɗan Hizam ya saye shi ya bai wa gwaggonsa Nana Khadija, ita kuma ta bai wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Ubansa Harisa bai daina cigiya ba, har labari ya iske shi cewa ɗansa yana Makka. Ya taso shi da ɗan'uwansa Ka'abu da kuɗin fansa. Annabi bai ɓoye yaron ba, bai kuma karɓi kuɗi ba. Ya sa aka kira Zaidu, aka ba shi zaɓi a gaban ubansa, ya zaɓi zama. Daga nan aka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har Allah Ya saukar da hukunci a farkon Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, cewa ɗan riƙo ba ya zama ɗan cikinka, a kira kowa da sunan ubansa. Sai ya koma Zaidu ɗan Harisa, kuma ƙaunar da ke tsakaninsu ba ta ragu da ƙwayar zarra ba.

Saboda haka malamai suka raba abu biyu. Akwai tabanni, wato ka shafe nasabar yaro ka jingina shi gare ka, wannan haramun ne. Akwai kafala, wato riƙo kamar yadda muka gada, ka ci da shi, ka sha da shi, ka ilmantar da shi, yana nan da sunan ubansa, wannan kuwa yana cikin manyan ayyukan lada. Har yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Ɗan riƙo ba ya gadonka don riƙon, amma kana iya yi masa kyauta kana da rai, ko ka yi masa wasiyya cikin sulusi. Dukiyar da ubansa ya bari kuma amana ce a hannunka har ya yi hankali. Sannan ga abin da ya keɓanci babban yaro: shayarwar da ke sa haramcin aure ta cikin shekara biyun farko ce. Yaron da ya wuce nan, in ya balaga, ba muharramin matar gidan ba ne, sai in da ma akwai dangantakar da ta sa haka. A lamarin da muke magana, yarinyar muharramar baffanta ce, amma namijin ba muharramin matar baffansa ba ne. Gara a san wannan tun yanzu, kada a zo a ji kunya daga baya.

Abin da na gaya wa Alhaji a ƙarshe, shi zan maimaita a nan. Na tambaye shi, "An zauna da yaran an ji ta bakinsu? Uwarsu ta san cewa a dokar Ingila, in aka kammala irin wannan ɗauka, a takarda ta daina zama uwarsu?" Ya yi shiru, sannan ya ce ai shi bai ɗauka sai an tambayi yara ba. Na ce Annabi ma ya tambayi Zaidu. Na kuma ce ya gaya wa ƙanensa kada ya yarda kowa ya rubuta masa takardar ƙarya, ko ta cewa uwar ta mutu, ko ta rage shekaru, komai tsawon jiran. Kuma riƙo ba sai jirgi ya tashi yake farawa ba. Kuɗin makaranta, da na Islamiyya, da na magani, da kiran waya kowace Juma'a, duk riƙo ne, kuma yaran suna girma ne yau, ba sa jiran biza.

Mu da muke nan kuma, kada mu ɗauka maganar masu dangi a Turai ce kaɗai. Tun harin da aka kai masallacin Mazakuka a watan Oktoba na 2021, da abubuwan da suka biyo baya a ƙauyukan Mashegu da Mariga da Rafi, gidaje nawa ne a unguwar nan suka karɓi yaran da ba su suka haifa ba? Madalla da wannan, Allah Ya saka. Amma mu kanmu baƙi ne a nan, iyayenmu daga Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina suka zo, mun san darajar mutum ya iya faɗin garinsu. Don haka duk wanda yake riƙe da yaro, ya samu takarda ya rubuta sunan yaron, da na ubansa, da na kakansa, da ƙauyensu, da sunan wanda ya kawo shi, da ranar da ya zo. A yi a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a ajiye kwafi ɗaya a masallaci. In an kai shi makaranta, a rubuta shi da sunan ubansa. In an ji labarin danginsa, a kai shi ya gaishe su. Kada a mai da shi ɗan aike da talla alhali 'ya'yan gida suna aji. Wanda kuma wani baƙo ya zo masa da maganar zai kai ɗansa karatu wani gari ko wata ƙasa kyauta, ya tuna iyayen Adre, ya tambaya, ya sake tambaya, ya je ya gani da idonsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya marayunmu, Ya ba masu neman haihuwa zuriya ta gari, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Wassalamu alaikum.